Duba lafiyar madarar birni ya kamata ya fara tun daga wurin tatsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai ake kawo shi a shafin wasiƙu ba, wato yadda hukuma ke sa ido a kan madarar da ke shiga birni kowace safiya daga gonaki da garkuna da masana'antun sarrafa ta. Abin da ya sa na ga ya cancanci a tattauna shi ne, madara abinci ce ta jariri da tsoho da majinyaci, mutanen da jikinsu ba ya jure cutar da ƙaƙƙarfan saurayi zai kwana biyu da ita ya warke, kuma mai sayenta ba shi da wata hanya ta gane lafiyarta da idonsa. Farar madara mai ɗauke da ƙwayar tarin fuka da farar madara mai lafiya kamanninsu ɗaya ne a cikin kofi. Saboda haka aikin da idon mai saye ba zai iya yi ba, dole hukuma ce za ta yi masa.

Abin da nake so in faɗa a taƙaice shi ne, hukumar da ke jiran madara ta iso kanti ko kasuwa kafin ta duba ta, ihu take yi bayan hari. A yawancin birane abin da jama'a ke gani shi ne jami'ai su yi samame sau ɗaya a wani lokaci, su kwashe jarkoki daga hannun 'yan talla, su tuttular da su a gaban masu ɗaukar hoto, sannan kowa ya koma harkarsa. Wannan yana nuna wa mutane cewa ana aiki, amma ba ya canza komai game da madarar da za ta shigo gobe, domin lafiyar madara ko lalacewarta tun a sa'o'in farko bayan tatsa ake yanke ta, a wurin da jami'in bai taɓa zuwa ba.

Madara tana fitowa daga hantsar saniya da ɗumin jikinta, kusan digiri 37 a ma'aunin salshiyas, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari nata ruwa ne, sauran kuwa maiƙo ne da sukari da furotin. Ba a iya haɗa wa ƙwayoyin cuta wurin zama da ya fi wannan. A irin wannan ɗumi wasu daga cikinsu suna ninka yawansu cikin kimanin minti 20, ta yadda 'yan ƙwayoyin da suka shiga daga hannun mai tatsa, ko daga kashin da ya manne a jikin hantsa, ko daga mazubin da aka ɗauraye da ruwa mara tsabta, za su iya zama miliyoyi kafin rana ta take. Madarar tana da ɗan kariya na halitta da ke riƙe ta na 'yan sa'o'i kaɗan, bayan haka sai sanyi kawai ke iya tsayar da lalacewar. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta wajabta a sanyaya madara nan take zuwa digiri 8 idan kullum ake kwasarta, ko digiri 6 idan ba kullum ba ne, kuma kada ta wuce digiri 10 lokacin da ta isa masana'anta. Dokar ta kuma ƙayyade cewa ɗanyar madarar shanu kada ta wuce ƙwayoyin bakteriya 100,000 a kowace mililita. Ba ina cewa kowane birni zai iya ɗaukar waɗannan alƙaluma ya aiwatar gobe ba ne, sai dai suna nuna inda masu wannan doka suka ga hatsarin yake, wato tsakanin turke da tanki.

Akwai kuma cututtukan da suke cikin jikin saniyar kanta, waɗanda wanke hannu da wanke mazubi ba sa hana su. Tarin fuka na shanu yana bin madara ya shiga mutum, kuma a Birtaniya cikin shekarun 1930 an ƙiyasta kusan kashi 40 cikin ɗari na shanun tatsa suna ɗauke da shi, yana kashe sama da mutum dubu biyu a shekara, yawancinsu yara. Ba a shawo kansa ba sai da aka haɗa abu biyu, gwajin shanu ɗaya bayan ɗaya da allurar da ake yi a fatar wuya, da kuma dafa madara kafin a sayar. Haka nan cutar nan da ke sa saniya ɓari, wadda likitoci ke kira burusela, tana jawo wa mutum zazzaɓi mai zuwa yana dawowa da ciwon gaɓoɓi na watanni, kuma sau da yawa akan yi ta ba shi maganin wani zazzaɓin dabam ba tare da an gano tushen ba. Likitan dabbobi yana iya gano alamar wannan cuta a garke da ɗan gwaji mai sauƙi da ake yi wa madarar da aka tara. Amma fa sai ya je garken.

Batun magani ma yana nan. Saniyar da hantsarta ta kumbura aka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, ragowar maganin yana fita a madararta na kwanaki, kuma a jikin kowace kwalba an rubuta adadin kwanakin da ya kamata a zubar da madarar. Mai saniya uku ko huɗu da aka ce ya zubar da madarar ɗaya daga cikinsu har kwana da kwanaki, asara ce ake ɗora masa shi kaɗai domin amfanin mutanen da bai sani ba, kuma idan ba wanda zai gwada, ba wanda zai rage masa asarar, to a gaskiya kaɗan ne za su zubar. Tafasawa ba ta kawar da wannan ragowa gaba ɗaya. Haka gubar nan ta afalatoksin, wadda ke fitowa daga abincin dabbobi da ya yi funfuna, tana ratsa jikin saniya ta fito a madara, zafin wuta kuma ba ya kashe ta. Wanda bai leƙa rumbun da ake ajiye dusa da ƙuli-ƙulin dabbobi ba, ba zai san da ita ba.

Masu ganin cewa kasuwa za ta gyara kanta ya kamata su karanta tarihin birnin Niyu Yok na Amurka. A tsakiyar ƙarni na 19 ana tsare shanu dubbai a rumfuna kusa da masana'antun giya, ana ciyar da su da ɗumammiyar dusar da ta rage bayan an tace giya. Shanun suna ruɓewa a tsaye, wasu har sai an ɗaga su da igiya kafin a tatse su, madarar kuwa tana fitowa tsararo mai shuɗi-shuɗi, sai a zuba mata alli da sitaci da ƙwai domin ta yi fari ta yi kauri, a rubuta a jikin keken cewa daga ƙauye take. A 1858 jaridar Frank Leslie ta bi kekunan nan har gidajen da suke kai madara, ta buga zanen rumfunan da lambobin gidajen. An ƙiyasta jarirai kimanin 8,000 ke mutuwa a shekara ta dalilin wannan madara. Abin lura a nan shi ne kwamitin majalisar birnin da aka kafa ya binciki lamarin wanke masu rumfunan ya yi, domin wasu 'yan majalisar suna tare da su, kuma sai a 1862 jihar ta yi dokar hana wannan sana'a. Ko bayan haka an ɗauki shekaru masu yawa kafin a kai ga gyara na haƙiƙa. Attajiri Nathan Straus ya fara buɗe wuraren raba dafaffiyar madara ga 'ya'yan talakawa a 1893 da kuɗin aljihunsa, birnin Shikago ya wajabta dafa madara a 1908, Niyu Yok ta bi sahu bayan 'yan shekaru, sannan a 1924 hukumar lafiya ta ƙasar ta fitar da dokar madara ta bai-ɗaya wadda jihohi da birane suka riƙa ɗauka. Kusan shekara saba'in ke nan tsakanin fallasa da tsari, kuma a duk tsawon lokacin masu saye suna ta saye, domin ba su da yadda za su bambance.

Wurin da na fi so hukuma ta kafa ƙafarta shi ne cibiyar tara madara, inda masu shanu da dillalai ke kawo abin da suka tatsa kafin a zuba a babban tanki. A nan ne madarar mutum ɗari ke zama ɗaya, kuma garwa ɗaya da ta lalace tana iya ɓata duk tankin, bayan haka ba mai iya cewa daga hannun wa ta fito. Gwaje-gwajen da ake bukata a nan ba masu tsada ba ne. Ma'aikaci yana buɗe garwa ya shinshina, ya ɗebi kaɗan ya haɗa da sinadarin alkohol daidai wa daida a ƙaramin mazubi, idan ta tsinke ta yi gudaji to ta fara tsami, ba za ta jure dafawa ba. Sannan ya jefa wani ɗan ma'auni na gilashi mai kama da ma'aunin zafin jiki a cikinta, idan ya nutse fiye da kima to an sirka ta da ruwa. Auna maiƙo kuwa tun 1890 Stephen Babcock ya ƙirƙiro hanyarsa a Amurka, Niklaus Gerber kuma ya fito da tasa a Suwizalan bayan shekara biyu, har yau kuma ana amfani da su. Duk wannan ba ya cin minti da yawa. Amfaninsa na gaske yana fitowa ne idan aka ɗaura farashi a kan sakamakon, wato mai madara mai kauri da tsabta ya karɓi kuɗi fiye da mai algus. Muddin da lita kawai ake biya, to ruwa riba ne, kuma mai gaskiya ne ke asara. Ruwan da ake sirkawar ma, wa ya san daga ina aka ɗebo shi? Ta nan taifot da gudawa ke samun hanya.

Sai dai gwaji ma ana yi masa dabara, kuma abin da ya faru a ƙasar Sin a 2008 ya isa darasi. Gwajin furotin da ake yi a lokacin sinadarin naitirojin yake aunawa, sai masu algus suka gano cewa idan suka sirka madara da ruwa suka zuba melamin, wani sinadari da ake yin robobi da shi mai yawan naitirojin, gwajin zai nuna madarar tana da kyau. Yawancin wannan aika-aika a cibiyoyin tara madara aka yi shi, inda ba mai sa ido. Yara kusan 300,000 suka kamu da ciwon ƙoda da mafitsara, dubbai da yawa aka kwantar a asibiti, shida suka rasu bisa alƙaluman gwamnati. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne kamfanin Sanlu, wanda ya fi shiga cikin badaƙalar, yana cikin kamfanonin da hukuma ta ba shaidar keɓewa daga bincike saboda an amince da ingancin kayansu. Gwamnati ta soke wannan tsari na keɓewa a cikin watan Satumba na shekarar. Girman kamfani da kyan sunansa ba hujja ba ne na a ɗauke masa ido, domin babban kamfani idan ya yi kuskure, a rana ɗaya yake shiga gidaje dubu ɗari.

A masana'anta kuwa, abin da ake nema shi ne a tabbatar an dafa madarar yadda ya kamata. Tsarin da ake jingina wa Louis Pasteur na Faransa shi ne a ɗora madara a digiri 63 na minti 30, ko a digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta nan da nan zuwa digiri 4 ko ƙasa. Daƙiƙa 15 ba wani lokaci ba ne, saboda haka ɗan sakaci a injin yana nufin ɗanyar madara ta wuce cikin leda da tambarin dafaffiya. Injin kirki yana da na'ura mai rubuta zafin kowane minti, yana kuma da bawul da ke mayar da madarar baya idan zafin bai kai ba, kuma akwai gwajin wani sinadari mai suna fosfates wanda zafin ke kashewa, idan aka same shi da rai to dafuwar ba ta cika ba. Jami'in da ya shiga masana'anta ya duba farin fenti da hulunan ma'aikata, bai nemi takardun zafin injin na watan da ya wuce ba, bai tambayi abin da aka yi ranar da wuta ta ɗauke ba, yawon buɗe ido ya je. A Japan a shekarar 2000 ɗaukewar wuta ta 'yan sa'o'i a wata masana'antar kamfanin Snow Brand da ke Hokkaido ta bar madara a cikin ɗumi, ƙwayoyin cuta suka zuba guba a ciki, aka dafa ta aka mayar da ita gari, ƙwayoyin suka mutu amma gubar ta tsira. Da aka yi amfani da garin a masana'antar kamfanin da ke birnin Osaka, sama da mutum 13,000 suka kwanta. Ke nan dafawa ba ta wanke laifin da aka yi kafin ta.

Yanzu bari in zo kan abin da na san za a yi mini musu a kansa, wato ƙananan masu sayar da madara. A birane da yawa na duniya, musamman a ƙasashe masu tasowa, mafi yawan madarar da ake sha ba ta bi ta masana'anta ba, daga hannun mai saniya take zuwa hannun dillali mai keke ko babur, ta isa ƙofar gida. Akwai masu ganin maganin abin shi ne a haramta wannan ciniki baki ɗaya. Ni ban yarda ba. Haramcin ba ya hana mutane saye, tunda ita ce mai araha kuma ita ce ke zuwa unguwarsu, abin da yake yi kawai shi ne ya mayar da cinikin na ɓoye, dillali ya riƙa tafiya da jarkar roba mai ƙaramin baki wadda ba ta wankuwa, domin idan aka ƙwace ba a yi masa babbar asara ba, ya kuma ware kuɗin da zai miƙa a hanya. An bar jaki ana dukan taiki. Kenya ta daɗe a kan wannan hanya kafin ta sauya a wajen 2004, lokacin da hukumar madara ta ƙasar ta fara horar da ƙananan dillalai tana ba su lasisi maimakon farautarsu. Indiya kuwa tun 1946 manoman garin Anand suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, kuma shirin da Verghese Kurien ya jagoranta daga 1970 ya yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, inda mai kawo lita biyu ma ake gwada madararsa a gabansa a biya shi gwargwadon maiƙonta. Dillalin da ke da rajista, da garwar ƙarfe mai faɗin baki, da lambar da za a neme shi da ita, ya fi sauƙin bi a kan wanda ke gudu idan ya hango kaki.

Wannan yana nufin sa ido ba kamu da tara kaɗai ba ne. Hukumar da ta ce a sanyaya madara cikin sa'o'i kaɗan, alhali ba tankin sanyi a kusa, ba wuta tsayayya, hanyar kuma ba ta biyuwa da damina, ta kafa dokar da ta san ba mai iya bi, kuma irin wannan doka ba abin da take haifarwa sai cin hanci. Tankunan sanyi masu aiki da hasken rana sun samu yanzu, kuma kafa su a cibiyoyin tara madara ya fi sayen motocin samame amfani nesa ba kusa ba.

Shi kansa jami'in binciken akwai abin dubawa a kansa. Idan masana'antar da zai bincika ce ke aiko masa da mota, ita ke ba shi abincin rana, kuma tun mako guda an san ranar zuwansa, to rahotonsa an riga an rubuta shi kafin ya fito daga ofis. Dole hukuma ta ba shi abin hawa da akwatin sanyi na ɗaukar samfur, ta riƙa sauya masa yanki lokaci zuwa lokaci, kuma ɗakin gwaje-gwajen da zai kai samfurin ya zama ba na masana'antar ba ne. Akwai kuma matsalar rarrabuwar aiki, inda ma'aikatar gona ke da saniya, hukumar abinci ke da masana'anta, ƙaramar hukuma ke da kasuwa, ma'aikatar lafiya kuma ke da majinyacin, amma ba wanda ke da madarar daga farko zuwa ƙarshe. Idan yara goma suka zo asibiti ɗaya da gudawa daga unguwa ɗaya, ya kamata a ce akwai ofis guda da labarin zai isa a ranar, wanda ke da ikon bin sawu daga kanti zuwa masana'anta, daga masana'anta zuwa tanki, daga tanki zuwa garke. Wannan ba zai yiwu ba sai kowace leda tana ɗauke da lambar rukuni da ranar sarrafawa, kowace cibiya kuma tana da littafin waɗanda suka kawo mata madara.

Abin da nake roƙo daga hukumomin da wannan aiki ke wuyansu shi ne su riƙa buga sakamakon gwaje-gwajensu a fili kowane wata, da sunan kowace masana'anta da kowace cibiya, da adadin samfurin da aka ɗauka da adadin da ya faɗi, da matakin da aka ɗauka a kai. Masana'antar da ta san sunanta zai fito a jarida za ta gyara injinta tun kafin a ci ta tara, wadda ke aiki da gaskiya kuma za ta samu ladan gaskiyarta a wurin masu saye. Ina kuma roƙonka, ya Edita, ka tura wakilinka ya tambayi hukumar da abin ya shafa garkuna nawa likitocinta suka ziyarta a bara, cibiyoyi nawa ne ke da tankin sanyi mai aiki, kuma yaushe rabon da a ɗauki samfur daga babbar masana'anta ba tare da an sanar da ita ba, sannan ka buga mana amsar yadda aka ba shi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum